Ginin Dutse da Ginin Ƙasa

Jawabin da wani magatakardan kotu ya yi a Takur, ran taron tunawa da ma'aikatan En'e

 

  Ina gai da iyayenmu tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka riƙe alƙalami tun zamanin En'e, kafin a sake tsarin mulkin ƙananan hukumomi cikin 1976. Ina kuma gai da 'yan'uwana malaman ofis, manya da ƙanana. Da aka ce in yi magana yau, sai na ce a bar ni in yi batun gini. Na sani waɗansu za su yi mamaki, su ce ina ruwan malamin kotu da tubali? Gaskiyarsu, ni ba magini ba ne, ban taɓa ɗora ko da katangar akurki ba. Amma ku yi mini haƙuri in gaya muku abin da ya jawo ni.

Shekarun baya an kawo mana wani rabon gado. Cikin abin da mamacin ya bari akwai wani tsohon gida na ƙasa, mai babban zaure. Magada suka yarda a sayar a raba kuɗin, aka aike ni tare da masu kimantawa. Da na shiga zauren na ɗaga kai, sai na ga rufin ɗaurin guga, bakan gizo huɗu sun taso daga bango sun gamu a tsakiya, ko tsaga ɗaya babu. Rana na dukan waje, ciki kuwa sanyi kamar bakin randa. Wani tsoho da ke zaune a ƙofa ya ce mini, “Yaro, kakana ne ya ɗaura wannan, ni ma na yi masa yaɓe sau da yawa.” Na ce, “Madalla, baba.” Na ciro littafina na rubuta tsawon fili da faɗinsa da kuɗin da aka yanka masa, na tafi. Bayan wata biyu na sake bi ta nan, sai na tarar da tsibin ƙasa, yara na jan azara za su kai wa masu tuya. Shari'a ta yi daidai, ko wane magaji ya sami hakkinsa, wanda ya saya kuwa kayansa ne. Amma na koma na buɗe littafin nan nawa, ban sami sunan maginin ba, ban sami awon zauren ba, don ban tambaya ba. Tsohon kuma ya riga mu gidan gaskiya. Tun ran nan abin ke damuna.

Sabo da haka zan ba ku labarin gine-gine guda biyu. Ɗaya na ƙasa ne, yana Zariya, na gan shi da idona. Ɗaya na dutse ne, yana ƙasar Girka, a littafi da hoto na san shi. In mun jera su za mu ga abin da ke sa gini ya zama abin alfahari, da abin da ke kashe shi, da kuma inda alƙalaminmu ya shiga cikin maganar.

Masallacin Jumma'a na birnin Zariya an gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya gina shi Muhammadu Durugu ne, waɗansu su kan ce Malam Mika'ilu, amma sunan da duniya ta san shi da shi Babban Gwani. Ya yi babban ɗakin salla mai tulluwa shida bisa manyan ginshiƙai. Ya kewaye shi da katanga, ya yi zauruka inda a ke shigowa a yi alwala. Ya kuma haɗa ɗakin shari'a a jikin masallacin, abin da ya kamata mu mutanen kotu mu riƙe, don ya nuna mana matsayin da magabata suka ba aikinmu. Kayan da ya yi aiki da su kuwa babu wanda ya ƙetaro teku. Ƙasa ce aka kwaɓa da ciyawa aka yi tubali, sai azara, sai igiya.

To, ina gwanintar ta ke? Ku lura da wannan. Azara itacen giginya ne da aka faskara, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa magina ke sonta. Amma tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce misalin ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba. Mai son ɗakin da ɗaruruwan mutane za su yi sahu a ciki, yaya zai yi da itace mai wannan iyaka? Sai magini ya kafa azara cikin bango ko cikin ginshiƙi, ta ɗan sunkuyo. Ya lulluɓe ta da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗaura wata bisa ta fari da igiya, ta zarce ta kaɗan, ta ƙara sunkuyowa. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe da wancan, har su gamu a sama su riƙe juna. Wannan shi ne bakan gizo. In ya gicciya bakan gizo da waɗansu, sai sararin rufin ya rarrabu ƙanana ƙanana, ko wanne bai fi ƙarfin azara ba. Daga nan a jera azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe. Tudun da tulluwa ta yi a sama shi ke kore ruwa zuwa indararo. Bango kuma a kan yi shi da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, don ƙasa ta ɗauki nauyin sama.

Ko wane magini na kirki ya san wannan dabara. Abin da ya fid da Babban Gwani daga cikinsu shi ne girman abin da ya yi da ita, da daidaiton da ya ba shi. Wanda ya tsaya cikin masallacin nan zai ga ginshiƙai masu kauri, ko wanne da zanen da aka tayar a jikinsa, bakan gizo na fita daga cikinsu kamar rassan kuka, wani na ɗauke wa wani nauyi. Ba shi da takardar zane, ba shi da ma'aunin Turawa. Kamu ne da taki da ido. Ana cewa da dare ya kan yi aikinsa shi kaɗai, ma'aikata su tara masa kaya da rana, da safe su tarar gini ya tashi. Ana kuma ba da labari wai wani sarki ya kira shi ya yi masa gini, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. A Kafin Madaki ta ƙasar Bauci akwai gidan Madaki wanda a ke danganta masa, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Ku lura da yadda na ke ta cewa “ana cewa”. Duk abin da ya zo mana na wannan mutum ta baki ya zo. Mutumin da ya yi ginin da masana na ƙasashe suka zo suna aunawa, babu magatakardan da ya zauna ya rubuta ranar da ya sa hannu da ranar da ya gama.

Masallacin ya tsaya shekara fiye da 120 yadda mai shi ya bar shi. Damina kuwa ba ta taɓa fasa zuwa Zariya ba. Abin da ya tsai da shi, ko wace shekara akwai mai hawa ya duba tsaga, ya gyara indararo, ya sake shafe. Cikin shekarun 1970 jama'a ta yi yawa, aka gina sabon masallaci na siminti, aka rushe waɗansu sassa na tsohon, abin da ya rage aka lulluɓe shi cikin sabon. Allah ya sa wani Bature mutumin Folan, Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana shi a takarda, har aka gina kwatancinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ba don awon nan ba, da siffarsa ta asali ta tafi tare da tsofaffin da suka gan ta. A Kano ma tsohon masallacin Jumma'a na ƙasa da hasumiyarsa sun ba da wuri ga sabon da aka gina cikin 1951. Ba na zargin kowa. Masu salla sun ƙaru, dole a faɗaɗa musu. Ina dai ƙirga abin da aka biya.

Yanzu ku biyo ni mu ƙetara Bahar Rum, mu ga yadda waɗansu mutane suka yi da nasu babban gini. A ƙasar Girka, ƙasar Yunanawa, akwai birnin Atina. A tsakiyarsa akwai wani dutse mai faɗin kai, kamar duwatsun nan da suka kewaye Garu, ana ce masa Akrofolis. Bisa kansa akwai wani ɗaki da a ke kira Fartenon. Mutanen zamanin nan arna ne, ɗakin kuwa na gunkiyarsu ne wadda su ke kira Atina. Bautarsu ta ɓata tun da daɗewa, ba ruwanmu da ita. Aikin hannunsu za mu duba.

Farisawa sun ƙone gine-ginen dutsen nan cikin shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. Da Atina ta farfaɗo ta yi ƙarfi, sai shugabanta Ferikilis ya tsai da shawara a sake gini wanda ya fi na da. Aka soma cikin shekara ta 447, aka gama jikin ginin cikin 438, aka ƙare sassaƙe-sassaƙensa cikin 432, duka kafin haihuwar Annabi Isa. Watau yau ya haura shekara 2,400. Magina biyu suka tsara shi, Iktinus da Kalikiratis, wani gwanin sassaƙa kuma, Fidiyas, ya shugabanci adonsa. An yi shi da wani farin dutse mai santsi da Larabawa ke kira marmar, daga wani tsauni mai nisan misalin mil 10 daga birnin. Tsawon daɓensa ƙafa 228, faɗinsa ƙafa 101. Ginshiƙai 46 suka kewaye shi, 8 a goshi, 17 a gefe in an haɗa da na kusurwa. Ko wane ginshiƙi tsayinsa ƙafa 34, kaurinsa a gindi ya ɗara ƙafa 6. Ba su sa laka ko siminti tsakanin duwatsun ba. Sun goge fuskokinsu har suka haɗu ba kafar shigar allura, sa'an nan suka ɗaure su da ƙarfe, suka narka darma suka zuba a kan ƙarfen don kada ruwa ya taɓa shi ya yi tsatsa. Ku riƙe maganar darman nan, za mu komo kanta.

Akwai gine-ginen da suka fi shi girma tun a zamaninsa. Abin da ya sa masana suka fifita shi abu biyu ne. Na fari, awo ɗaya ya ratsa shi duka. In ka raba tsawonsa kashi 9, faɗinsa kashi 4 ne. In ka raba tazarar da ke daga tsakiyar ginshiƙi zuwa tsakiyar na kusa da shi kashi 9, kaurin ginshiƙin kashi 4 ne. Mai kallo bai san lissafin ba, amma idonsa na jin daɗinsa. Na biyu, ginin da ka ke gani kamar an ja shi da zare, kusan babu miƙaƙƙen layi a jikinsa. Daɓen ya yi ɗan tudu a tsakiya, misalin inci 4 ta gefen tsawo, inci 2 da ɗoriya ta goshi. Ginshiƙan sun ɗan karkata ciki. Ko wanne ya ɗan yi ciki wajen tsakiya, sa'an nan ya sirance sama. Na kusurwa kuma sun ɗara sauran kauri kaɗan. Masana da yawa na ganin an yi haka ne don ido ya kan yaudari mutum: dogon layi miƙaƙƙe ya kan yi kamar ya lotsa, ginshiƙin da sarari ke bayansa ya kan yi kamar ya rame. Sai maginin ya karkata dutse kaɗan don ido ya ga daidai. Sabo da wannan, kusan ko wane dutse sai da aka sassaƙa shi don gurbinsa shi kaɗai.

Wannan siffa ta ginshiƙai a jere da goshi mai kusurwa uku ta bi duniya. Turawa sun yi ta kwaikwayonta a kotuna da bankuna da majalisu. Babbar kotun Amurka da aka gama cikin 1935 irin fuskar nan gare ta, a birnin Nashbil kuma an gina kwatancin Fartenon daidai girmansa.

In mun jera shi da na Zariya za mu ga bambanci mai ma'ana. Ɗakin Yunanawa gidan gunki ne, jama'a a waje su ke taruwa, sabo da haka kyansa a waje ya ke. Masallaci kuwa na sahu ne, jama'a a ciki su ke, sabo da haka Babban Gwani ya bar wajensa ba yawan ado, ya zuba gwanintarsa a ciki. Su Yunanawa ginshiƙi su ke tsayarwa su gicciya dutse a kai, ba su yi aiki da baka a ɗakin nan ba, shi ya sa ginshiƙansu suka matsu kusa da juna. Shi kuwa da itace mai ƙafa 6 ya buɗe sararin da ya ninka haka. Amma sun gamu a wuri ɗaya. Ko wannensu ya san iyakar kayan aikinsa, ya san halin idon mai kallo, bai kuwa nemi abin da ƙasarsa ba ta da shi ba. Wanda ya ce ginin ƙasa aikin talauci ne, bai shiga masallacin nan ya ɗaga kai ba.

Ga inda maganar ta zo kanmu. Yaya aka yi na iya gaya muku shekarar da aka soma ɗakin Atina da shekarar da aka gama, alhali ya girmi na Zariya da shekara fiye da 2,200? Malaman ofis ne suka sa. Mutanen Atina su kan naɗa masu lura da aikin ko wace shekara, tare da magatakarda. Ƙarshen shekara sai a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita: kuɗin fasa dutse, da na jawo shi, da ladan masassaƙa, har da ragowar zinariya da hauren giwa da aka sayar da aka gama. Aka sassaƙa lissafin a jikin dutse aka kafa a fili, kowa ya karanta. Gutsattsarinsa na nan har yau, har da sunan wani magatakardansu, Antikilis. A wani ɗaki da ke kusa, wanda aka gina bayan wannan, lissafin ya kawo sunayen ma'aikata ɗaya ɗaya, da ɗa da baƙo da bawa, da abin da aka biya ko wanne. Masu tarihi sun ce abokan gāban Ferikilis sun zarge shi da ɓarnar kuɗin garuruwan da ke kawo wa Atina gudummawa, an kuma tuhumi Fidiyas da cin zinariyar gunkin, wanda tsayinsa ya kusa ƙafa 40. Amma an yi zinariyar ne yadda za a iya ciro ta a auna. Mu da muka san abin da a ke kira binciken baitulmali, mun san amfanin wannan dabara.

Sa'an nan ku ji abin da ya sami ginin dutsen. Ya tsaya shekaru aru aru da rufinsa. Da Yunanawa suka zama Nasara aka mai da shi coci. Da Turkawan Santambul suka ci Atina wajen 1458 aka mai da shi masallaci, aka yi masa hasumiya. Duk wannan zamani yana tsaye, don akwai masu shiga, akwai masu gyara. Cikin Satumba 1687 mayaƙan Benis suka kewaye dutsen. Turkawa sun ajiye albarushinsu a cikin ɗakin, ran 26 ga watan harsashin igwa ya faɗa ciki, ya tashi. Tsakiyar ginin ta tarwatse, mutane wajen 300 suka hallaka. Daga 1801 jakadan Ingila, Elgin, ya sa aka ciccire sassaƙe-sassaƙe masu yawa aka kai Landan, gwamnatin Ingila ta saye su fam 35,000 cikin 1816, har yanzu Girkawa na neman a mayar musu. Ɓarna ta uku kuwa masu gyara ne suka yi ta, da kyakkyawar niyya. A farkon ƙarni na 20 aka ɗaga duwatsun da suka faɗi aka ɗaure su da ƙarfe, amma ba a rufe shi da darma yadda na da suka yi ba. Ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya farfasa dutsen daga ciki. Tun 1975 a ke aikin warware wannan gyara, ana ciro ƙarfen ana sa wani irin da ba ya tsatsa.

To, ranku ya daɗe, kun ga dutse bai tsare na Atina ba, ƙasa kuma ba ita ta ci na Zariya ba. Damina 120 ba ta rushe tulluwar Babban Gwani ba, shekara 2,000 ba ta ka da ginshiƙan Iktinus ba. Hannun mutum ne ya taɓa su duka biyu: mai yaƙi, da mai kwasa, da mai gyaran da bai tambayi na da ba, da mai neman faɗi. In kuwa hannu ya kula, ƙasa ma tana daɗewa. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali, wanda aka sake ginawa cikin 1907, mutanen gari ke fitowa ko wace shekara su yaɓe shi gaba ɗaya, yana nan. Hasumiyar Agadas da ta Gobarau a Katsina suna nan. Sana'ar kuma ba ta mutu ba, don a Yama ta ƙasar Tawa wani magini, Falke Barmu, ya soma masallacin ƙasa cikin 1962, har aka ba shi lambar Aga Khan ta gini cikin 1986.

Tun da aka yi Jihar Jigawa cikin 1991 Dutse ta zama babban birni, gari ke ta faɗi. Nan Takur mun gani da idonmu yadda bulo da kwano suka cika fili. Wannan arziki ne, mun gode Allah. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Garu da garuruwan hakimai da ƙauyukanmu akwai sauran zauruka da soraye da masallatai na ƙasa. Ko wanne daga cikinsu, ranar da za a sayar da shi ko a rushe shi, sai takarda ta bi ta hannun ɗayanmu. Sabo da haka ina roƙon abu huɗu, in manya sun ga ya dace.

Na fari, a buɗe littafi a ofishin ko wane hakimi, a rubuta tsofaffin gine-ginen ƙasarsa: inda ginin ya ke, wanda ya sa aka yi, maginin da ya yi, zamanin wane sarki, da awonsa, a haɗa da hoto. A tambayi tsofaffi tun suna da rai. Wannan ba ya cin kuɗi, alƙalami ne da ƙafa, wayar da ke aljihun ko wannenmu kuma tana ɗaukar hoto.

Na biyu, in takardar ciniki ko ta rushewa ta zo kan irin wannan gini, kada a sa hannu sai an aika an auna an ɗauki hoto. Ba a hana mai abu abinsa, amma ana ba shi shawara. In masallaci ne ya yi wa jama'a kaɗan, a duba ko akwai fili a gefe, a yi sabon kusa da tsohon, a bar su su tsaya tare.

Na uku, waɗanda ke hannun masarauta a sa musu ɗan kaso cikin kasafin ko wace shekara, a yi gyara kafin ruwan fari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuɗin indararo ɗaya bana ya fi sauƙi bisa kuɗin rufi baɗi.

Na huɗu, a ba masu sana'ar aikinsu. A kira Sarkin Magina da tsofaffin da suka san makuba da katsi da laso, a haɗa su da yara su koya. Kada a shafe bangon ƙasa da siminti a ce an gyara. Siminti ba ya kama ƙasa, in ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun hanyar fita, sai bango ya ruɓe a ɓoye yana kyau a waje. Wannan shi ne ƙarfen Atina marar darma. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Iyayenmu da muka taru don tunawa da su, da yawansu a cikin irin sorayen nan suka yi aiki. A nan suka ƙirga haraji da jangali, a nan suka rubuta shari'a, suna zaune bisa tabarma da tawada a gefe. Littattafansu da suka tsira su ne yau a ke ɗaukowa in an yi gardamar gona ko iyaka, a kashe magana. Ba su san wanda zai buɗe su ba sa'ad da su ke rubutawa, sun dai rubuta. Ni na yi sakaci sau ɗaya, sunan magini ɗaya ya ɓace a hannuna, ba kuwa zai komo ba. Tun daga ran nan, duk gidan da aka aike ni kimantawa, na kan ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda in rubuta wanda ya gina shi. Ina roƙon 'yan'uwana su ƙara wannan layi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, maginansu da malamansu. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu. In na yi kuskure a gafarta mini. Haza wasalamu.